Kwana Goman Zelma

Tun daga cikin kwalekwale Lemuel ya hango ƙofar tarkon ta faɗi. Bai tsaya ɗaure igiya ba, ya dira cikin taɓo har ƙauri, ya durƙusa ya leƙa ta tsagar katakon. Wata farar fuska mai dogon baki ce take kallonsa, haƙora a yashe, miyau yana dalala. Fosam ne namiji, dabbar dajin nan mai kama da ƙaton ɓera, ya cinye ruɓaɓɓen kan kifin da aka ajiye masa tas, ya kuma haye kan ƙayar ya kwanta.

"Barka da sauka, ranka ya daɗe," in ji Lemuel. "Kwana shida kana wahalar da tsoho."

Ya zura hannu ya cafko wutsiyar, wadda ko gashi ɗaya babu a jikinta, ya jawo shi waje. Nan take ɗan banzan ya yi halin gidansu. Ya saki jiki, ya zaro harshe, ya kafe ido, ya buso wani wari mai juya ciki, wanda bai sani ba sai ya rantse ya kwana biyu da mutuwa. Lemuel ya shekara arba'in yana kafa tarko a gaɓar Kogin Kash, wannan wasan ya daɗe da daina ba shi dariya. Ya jefa shi a buhu ya ɗaure baki.

Kafin ya koma kwalekwale sai da ya biya wajen sandarsa. Sanda ce ya kafa a bakin ruwa, ya yi mata tsaga bakwai da wuƙa. Duk shekara idan ruwan Nuwamba ya sauka a tuddai, kogin yakan taso a hankali, yatsa biyu yau, yatsa uku gobe, kuma ranar da ya shafe tsaga ta bakwai, ranar ce yake rufe hanyar mota a Kwarin Alfadari. Daga nan mu mutanen fadama sai mu zauna da Allahnmu da gwangwanayen abincinmu har watan Maris. Da safen nan ruwan yana kan tsaga ta biyu. Lemuel ya daɗe yana kallonsa, sannan ya tofar da yawu ya tura kwalekwalen.

Sati biyu ke nan da likitan gari ya danna cikin matarsa Zelma, ya sake dannawa, sannan ya ce a kai ta babban asibiti a birnin Memfis a yi mata aiki, kada a ɓata lokaci. Zelma ta gyara hularta ta yi masa godiya. Sai da suka iso gida ta ce za ta je, amma shekara arba'in da ɗaya ba a taɓa yin Nuwamba a gidanta ba a gasa fosam da dankali ba, kuma babu mai kwantar da ita ƙarƙashin wuƙa sai ta ci na bana. Lemuel ya amince da sauri, don a ganinsa kamun bai fi aikin kwana biyu ba.

Ya tarar da ita a baranda cikin kujerar lilo, ta lulluɓe ƙafafu da bargo.

"Me ka kawo mini, fosam ko ɓera?"

"Ɗaga ki ji nauyi."

"Ni zan ɗaga? Da ina da ƙarfin ɗaga buhu, da kai na fara ɗagawa na jefa kogi tun shekara talatin da suka wuce."

Ya juye buhun cikin kejin da ke gindin bishiya, ya ja sakata. Sannan ya dawo ya tsaya yana murza hularsa.

"Zelma, ina ganin kwana biyar ma ya isa. Lokacin kanya ne, ita yake ci, cikinsa tsaf yake."

"Kanya! Bin sa ka yi ka ga abin da yake ci? Ka manta alfadarin su Mabry da ya mutu a bakin rafi, aka buga cikinsa fosam uku suka fito? Kwana goma, tsoho. Haka Mama take yi, haka uwarta take yi."

Gaskiyarta ce, kuma ya sani. Fosam ba ya raina mushe, shi ya sa a wajenmu ba a kai shi tukunya daga bakin kogi. Sai an tsare shi kwana goma ana ba shi burodin masara da dankali da nonon tsala, har ƙazantar daji ta fita daga namansa. Matar da ta dafa fosam na kwana uku, sai jikokinta sun ji labarin a bakin matan coci.

Kwana goma ba wani abu ba ne ga mai lafiya a gida. Lemuel kuwa zama ya gagare shi. Ya faskare itacen da zai ishe su sanyi biyu. Ya cire ƙofar rumbu da ba abin da ya same ta, ya sake mayar da ita a karkace. Sau uku a yini yake sauka ya duba sanda, kamar kallonsa ne zai hana ruwan tasowa. Shi yake yin girki yanzu, shinkafa da romon kaza, wani lokacin dafaffen ƙwai, ya kai mata baranda ya tsaya yana jiran ta kai loma.

"Ka tsaya mini a ka kamar mai gadin fursuna," takan ce. "Ba na iya cin abinci ana ƙirga mini. Je ka duba tarkunanka."

Sai ya tafi. Idan ya dawo da azahar ya tarar da kwanon wayam, daɗi yakan kama shi har ya riƙa fito yana wanke-wanke. Fosam ɗin ma yana ta cika, Lemuel bai taɓa ganin wanda ya yi ƙiba da sauri haka ba. Ya ce a ransa tsalar bana ce mai kyau.

Ranar kwana tara ya dawo daga kogi yana shirin wasa wuƙa, ya tarar da ƙofar kejin a buɗe tana lilo.

"Zelma!"

"Kada ka fasa mini kunne, na gani. Sau nawa na gaya maka sakatar nan ta saki? Kai dai ƙofar rumbu kake gyarawa."

Ya tsaya yana jujjuya sakatar a hannu. Bai ga abin da ya same ta ba, amma ya karɓi laifin, don dama a gidan nan shi ne mai karɓa. Ya sauka bakin ruwa da gudu-gudu. Tsaga ta uku ta nutse.

Da yamma Hosea ya zo. Ɗan marigayi abokin Lemuel ne, mutum mai shekara arba'in da ƙatuwar murya, kuma shi kaɗai ne mai mota a kusa da su, a tsallaken kwarin, wata tsohuwar a-kori-kura da yake ɗaukar auduga da ita. Shi ya yi alkawarin kai su Memfis.

"Kawu Lem, me nake ji haka? Kai da ake cewa ka kama muzurun daji da hannu, ɓera ya fasa kurkukunka?"

"In dariya ta kawo ka, ga hanya nan."

"Haba Kawu. Ni da na zo da magani? Tsoho Gaines yana da fosam a keji, yau kwanansa bakwai. Ya ce in don Inna Zelma ne a ɗauka. Kwana uku ku ci, ranar Asabar mu kama hanya."

Lemuel ya juya ya kalli matarsa, ransa ya yi fari. Ita kuwa ko lilon kujerarta ba ta tsayar ba.

"Gaines? Mutumin da kofinsa bai ga sabulu ba tun da matarsa ta rasu? Wa ya san abin da yake zuba masa? Ka gode masa, Hosea, ka ce na ji daɗi. Amma abin da zai shiga bakina, a gaban idona za a wanke shi."

"Inna, ruwa fa ba ya jiran girki."

"Ni na yanke maka cibiya, yaro. Kada ka koya mini halin kogin nan."

Hosea ya sosa ƙeya, ya kalli Lemuel, ya shiga motarsa.

Sai aka koma farko, kuma wannan karon kogin ya ɓata lissafi. Ruwa ya cinye hanyoyin da dabbobi suke bi su sha, dole Lemuel ya ɗauke akwatunan tarkonsa biyar ɗaya bayan ɗaya ya hau da su tudu, gindin bishiyoyin kanya da bakin ruɓaɓɓun kututturai inda ƙananan rafuka suke shiga kogi. Bayansa ya riƙe, hannayensa suka tsattsage da sanyi. Rana ta farko ya kama kyanwar wani. Rana ta biyu ya buɗe ƙofa da zumuɗi, bodari ya yi masa wanka daga gemu har takalmi, Zelma ta hana shi hawa baranda, ta yi dariya har sai da ta riƙe cikinta ta sunkuya. Ya ga sunkuyawar, ya daina taya ta dariyar. Rana ta huɗu ya samu fosam, ƙarami, mai yagaggen kunne. Ya saka shi a keji, ya naɗe sakatar da waya zagaye shida.

Ya ci gaba da girki, ta ci gaba da korarsa kogi, kwano ya ci gaba da dawowa wayam. Sai dai wuyan hannunta kullum ƙara sirancewa yake, zoben aurenta har ta ɗaure shi da zare don kada ya zame. Ya ce ciwon ne yake cinye abin da take ci, ya ƙara mata cokali biyu na shinkafa. Ruwa ya wuce tsaga ta huɗu, ya kama ta biyar.

Ranar kwana takwas ya dawo ya ga wayar a ƙasa, an warware ta an naɗe ta da kyau, irin naɗin mai ɗinki.

"Ya mutu," in ji Zelma daga baranda, ba ta ɗago daga bargon da take tsinta ba. "Na leƙa na gan shi a sandare, harshe a waje, har ya fara wari. Na jefar da shi bayan shinge kada ya tara mana ƙuda."

Lemuel ya dubi wayar, ya dubi matarsa. Shi ɗan tudu ne, a gonar auduga ya tashi, da ya auri Zelma ko ƙofar tarko bai iya ɗanawa ba. Ubanta ne maharbin fadamar nan, ita ce ta koya masa aikin. A shekararsu ta farko kare ya kamo fosam, Lemuel ya ɗaga shi ya ga ya mutu, ya wurga shi cikin ciyawa, gawar ta miƙe ta yi tafiyarta. Zelma ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ita ta nuna masa yadda ake yi: ka ja baya ka yi shiru ka zuba wa kunnensa ido, kunnen ne yake fara tona masa asiri. Shekara arba'in tana ba baƙi wannan labarin don ta kunyata shi.

Ya zagaya bayan shinge. Ga sawun nan a taɓo, kamar tafin hannun jariri, ɗaya bayan ɗaya har bakin ruwa, da layin tumbi yana jan ƙasa a tsakiya. Mamacin bai ma yi sauri ba. Kusa da shi ga sawun silifa, gajeru, a jere kusa da juna. A wuri guda kuma akwai shatar gwiwa biyu da tafin hannu, inda mai silifar ta durƙushe ta huta kafin ta iya tashi.

Fushi ya taso masa, irin wanda tsoro yake haifarwa. Wata guda tana wasa da shi, yana yawo cikin taɓo kamar mahaukaci, ruwa yana cin sanda, abin da ke cikinta yana girma. Bai koma baranda ba. Ya taka mil uku zuwa gidan Hosea, ya ari kwaɗo da makulli, ya ce masa ya zo ranar Alhamis da sassafe.

"An ci fosam ɗin ke nan?"

"Ya gudu. Wani zan kama, da shi za mu tafi. Cewa ta yi sai ya kwana goma a gaban idonta, ba ta ce a ina ba. Mu ɗora kejin a bayan mota, ya ƙarasa kwanakinsa a Memfis."

Hosea ya bushe da dariya har yana dukan cinya. "Kawu, asibiti za ka shiga da ɓera? Sai sun kwantar da ku ku uku!"

"Kai dai ka zo."

Kwana biyu ba su yi wata magana mai tsawo da Zelma ba. Yakan ajiye kwano ya juya, ita ma ba ta tsokane shi ba, gidan ya yi wani irin shiru da bai saba ba. Ranar Laraba da hantsi tarkon da ke bakin Rafin Gaines ya faɗi. Ya kawo na ukun gida, ya rataye buhun a reshe, ya ɗauko manjagara don ya kwashe tsohuwar ciyawar kejin ya rage masa nauyi. Ja na biyu wani abu ya yi ƙara. Ya sunkuya ya tona da hannu. Ƙasusuwan kaza ne, da busasshiyar shinkafa dunƙule-dunƙule a kusurwa. Shi bai taɓa ba fosam shinkafa ba. A ƙarƙashinsu ga ƙaramin cokalinta mai lanƙwasasshen hannu, wanda ta ce ya ɓata tun makon farko.

Ya zauna a kan dugadugansa. Ashe tsalar bana ba ta fi ta bara ba. Duk kwanon da ya wanke yana fito, fosam ne ya cinye shi.

Ya goge cokalin a wandonsa, ya hau baranda, ya ɗora mata a cinya. Ta dubi cokalin, ta juya shi.

"Ashe ka iya shara. Shekara arba'in ina roƙonka."

"Tun yaushe?"

"Lemuel..."

"Tun yaushe, Zelma?"

"Tun kafin mu je wajen likita. Ruwan sha yana wucewa. Tsala ma tana wucewa in na bi ta a hankali. Sauran kuwa da na haɗiye yake dawowa."

"Kika bar ni ina murna kamar wawa."

"Ka taɓa ganin fuskarka in ka tarar da kwanon nan wayam? To ni ina gani. Ban iya hana kaina ba." Ta ja bargon. "Ka yi tunani mana, tsoho. Ranar goma za ka yanka shi, in gasa shi da dankali, ka zauna a gabana kana kallon bakina. Yaya zan yi da shi?"

"Ai shi ya sa za mu Memfis! Shi ya sa nake ta wannan haukan!"

"Rage murya, kaji suna jin ka. Mutum nawa na yi jinya a fadamar nan? Mama a hannuna ta ƙare, matar Gaines ma haka. Na san wannan abin, da yatsuna na san shi, tun kafin yaron nan ya danna."

"Ke ba likita ba ce."

"Ni ba likita ba ce. Wataƙila ya fi ni gaskiya, ban ce a'a ba." Ta mayar da numfashi. "Amma in muka wuce kwarin nan, ruwa zai rufe a bayanmu. Za su kwantar da ni a ɗakin mata, su ba ka awa guda ranar Lahadi. Sauran kwanakin ina za ka? Bakin titi, kai da fosam? In kuma abin ya zo a can, ta ina za a dawo da ni kafin Maris? Mama tana wannan gefen ruwan. Ɗanmu Ezell yana wannan gefen. Na riga na nuna maka wurina a tsakaninsu."

Ezell shi ne ɗansu tilo, zazzaɓi ya ɗauke shi yana shekara shida. Ba su cika ambatonsa da rana tsaka ba. Lemuel ya kama ginshiƙin baranda ya riƙe.

"To me ya hana ki faɗa mini? Ki ce ba za ki ba, shi ke nan."

"Da ka ɗauke ni kamar buhun masara ka saka a mota, kana kuka kana ba ni haƙuri. Ƙarya na yi?"

Ba ƙarya ta yi ba, ya kuma sani.

"Na ga kwaɗon da ka aro," ta ce. "Ba sai ka wahalar da kanka ba. Ƙafafuna ba za su sake kai ni kejin nan ba, ranar nan da ƙyar na dawo. Wasa ya ƙare. Gobe in ka ce mu tafi, zan sa hulata in bi ka, ba zan kuma riƙe ka da shi ba. Ka ji na rantse."

Ya saka fosam ɗin a keji, ya danna kwaɗo. Har rana ta faɗi yana kaiwa da komowa tsakanin gida da bakin ruwa.

Ranar Alhamis gari na wayewa ya sauka wajen sanda. Tsaga ta shida ta ɓace, tsakanin ruwan da ta bakwai bai fi faɗin yatsa ba. Itatuwa da kumfa suna ta wucewa a tsakiyar kogi, alamar akwai wani ruwan a baya. Ya hau tudu da sauri. Ya tarar da ita a baranda ta riga ta shirya, da rigarta ta zuwa coci mai launin shuɗi da baƙar hula, jaka a gefen kujera. Rigar ta yi mata yawa har ta kama ta da fil a kafaɗa. Shi kaɗai ya san abin da wannan shirin ya ci mata.

Ƙarar motar ta riga motar isowa. Hosea ya dira bai kashe inji ba, ƙafafun wandonsa a jiƙe.

"Kawu, a yi sauri! Ruwa ya fara lasar hanya a kwari, sai da na sauka na taka na gani. Yau ne ko babu. Inna, barka da asuba, kai, kin yi kyau kamar amarya. Ina fasinjan namu?"

Ya nufi kejin ya kama gefe guda. Lemuel ya ɗauki jakar, ya sauko matakala, ya kai ta har bakin mota. Jakar ba nauyi. Ya juya. Zelma ta dafa hannun kujera tana ƙoƙarin miƙewa, ba ta kira kowa ba, ba ta kuma kalli motar ba. Idonta yana can gefen tudu inda bishiyoyin maƙabarta suke, tana kallonsu ɗaya bayan ɗaya.

"Kawu, kama mana, abin nan da nauyi."

"Ajiye shi."

"Na'am?"

"Na ce ajiye. Jiya na kama shi. Kwana goma ake yi."

Hosea ya saki kejin ya miƙe. "Kwana goma? Kawu Lem, gobe war haka ko jirgin ruwa sai ya yi addu'a kafin ya bi kwarin nan. Ba kai ka ce a Memfis zai..."

"Na san abin da na ce. Kuma ba yau na fara ganin kogin nan ba."

Hosea ya kalli baranda. Zelma ta koma ta zauna, yanzu mijinta take kallo. Ƙaton mutumin nan mai surutu ya cire hularsa a hankali, ya hau matakala, ya sunkuya ta dafa kansa.

"Je ka kafin ruwa ya tare ka a nan," ta ce. "Ba ni da abincin da zai ishe ka. Ka gaida Arlene da yara."

Lemuel ya tsaya a tsakar gida da jaka a hannu yana sauraron motar. Ya ji ta gangara, ya ji Hosea ya sauya giya a kwari, injin ya yi gurnani cikin ruwa kamar zai mutu, sannan ya kama ya haye. Ƙarar ta yi nisa ta ɓace. Tsoro ya kama shi. Bai sani ba ko ya kyauta mata ne ko kuwa da bakinsa ya yanke mata kwana, ya kuma gane babu wanda zai taɓa gaya masa.

Ya mayar da jakar ɗaki. Ya ɗumama tsala ya zuba a ƙaramin kofi, ya kawo mata da cokalinta mai lanƙwasasshen hannu. Sannan ya ɗauki kwanon shinkafa da kazar da ya dafa mata, ya wuce ta gabanta da shi, ya buɗe kwaɗo ya juye a keji. Fosam ɗin ya yashe masa haƙora, ya faɗi ya mutu, ba a daɗe ba kunnensa ya motsa.

"Kada ka cika masa," in ji Zelma. "Kitse zai yi maka yawa."

Ya saka kwaɗon a aljihu, ya ja sakata kawai. Ya dawo ya zauna a matakala kusa da ƙafafunta, abin da ya yi wata guda bai yi ba. Ta kai cokali ɗaya baki, ta jira, ya wuce.

"Yau kwanansa nawa?" ta tambaya.

"Ɗaya."

"Jiya ka kama shi, tsoho. Biyu ke nan."

"Ɗaya na ce. Wannan karon ni nake ƙirgawa."

Ta dube shi. Sannan ta zare fil ɗin hular, ta cire ta, ta ɗora a kan gwiwarsa.